Daga Wajen Dabba, Sai Wajen Sabulu!



Da an sauko daga Idi, yara za su fara roƙon a kai su kallon dabbobi. Ku kai su! Ku kai su gidan zu na Audu Bako a Kano, su ga zaki da kura da jimina ido da ido. Ku kai su gandun namun daji na Jos. Ku kai su gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Ku tafi da su kara zaɓen ragon layya. Su hau raƙumi, su shafa ɗan akuya, su yi dariya. Yaron da ya tashi da sanin dabba yakan tashi da tausayi. Amma ku tafi da sabulu. Ku kai su lafiya, ku dawo da su lafiya.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. Dabba mai ƙoshin lafiya ma tana iya ɗauke da cuta. Saniya ta yi ɓul-ɓul, rago yana ta tuƙa, akuya tana tsalle, alhali a hanjinsu akwai ƙwayar cutar da likitoci ke kira E. coli O157. Su ba ta dame su da komai ba. Tana fita a kashinsu, ta manne a gashin jikinsu, ta zauna a igiya da turke da harawa da ƙarfen shinge. Tana iya yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta, kuma 'yar kaɗan ta isa ta kwantar da yaro.

Ku dubi ɗan shekara uku a bakin shinge. Ya kama ƙarfe da hannu biyu yana leƙe. Ya miƙa wa akuya ganye, ta lashe masa yatsu. Alawarsa ta faɗi ƙasa, ya ɗauka ya goge a riga ya mayar baki. Aka saya masa ƙanƙara, ta narke ta gangaro masa har gwiwar hannu, ya bi ta da harshe. Uwa na tsaye tana ɗaukar hoto, kowa na murna. Hanyar cutar ke nan: daga kashi zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Wannan hanya za mu datse!

An ga abin da sakaci ke jawowa. A shekarar 2004, a bikin baje kolin jihar North Carolina a Amurka, mutum 108 suka kamu, akasarinsu yaran da suka shiga wajen wasa da awaki da tumaki. Su 15 ciwon ya taɓa musu ƙoda. Sai da jihar ta kafa doka a kan wuraren da ake barin jama'a su taɓa dabbobi. A shekarar 2009, a gonar Godstone da ke Ingila, inda iyaye ke kai yara shafa dabbobi, mutum 93 suka kamu, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara goma. Su 17 ƙodarsu ta samu matsala, wasu har sai da aka yi musu wankin ƙoda. Waɗannan wurare ne masu famfo a ko'ina da asibiti a kusa. To ina ga mu, da yaro zai fara gudawa a ce ai haƙori ne ko shawara?

Kuma ba E. coli O157 kaɗai ba ce. 'Yan tsakin nan da ake rina wa launi ana sayar wa yara, da kunkuru, da ƙadangare, suna ɗauke da Salmonella mai sa zazzaɓi da gudawa. 'Yan maruƙa da 'yan tumaki suna yaɗa wata ƙwayar gudawa mai suna Cryptosporidium. Makero yana tsallakowa daga fatar dabba zuwa kan yaro. Cizon biri ko na kare yana iya kawo ciwon hauka, wanda in alamunsa suka bayyana da wuya a tsira. Mun ga murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a 2006. Mun ji an tabbatar da ciwon saifa a wata gona kusa da Suleja a 2023. Mu da dabba zaman tare muke yi, daga kaka da kakanni. Don haka mu ya fi cancanta mu iya wannan tsafta.

Me za mu yi? Abu mai sauƙi ne, kuma yana hannunmu.

Ku wanke hannu! Da an fito daga wajen dabbobi, a wanke hannu. Ko yaro bai taɓa dabba ba, a wanke, domin ya taɓa shinge. A sa sabulu. A cuɗa har daƙiƙa 20: tafi da baya, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce. A ɗauraye da ruwa mai gudana. Babu famfo? A zuba da buta. Babu buta? A huda ledar fiya wata, wani ya tsiyaya wa wani. Kada yara goma su tsoma hannu a kwano ɗaya, na farko ya bar wa na ƙarshe dattinsa. Kada a goge hannu a zani ko a riga. Sanitaiza tana taimakawa kafin a kai ga ruwa, amma ba ta kashe Cryptosporidium, ba ta kuma aiki a hannun da ya yi dumu-dumu da ƙasa. Sabulu da ruwa su ne magana. Kuma kada ki ce wa ƙaramin yaro "je ka wanke hannunka". Kama hannun ki wanke masa da kanki.

Ku raba abinci da dabba! Ba ci, ba sha a bakin keji. Awara, gyaɗa, rake, zoɓo, duk su jira. A fito, a wanke hannu, a sami inuwa nesa da turke, sannan a buɗe kula. Fidar jariri da kayan wasansa su zauna a cikin jaka. Abin da ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan. Nonon da aka tatso yanzu, a tafasa shi kafin a sha.

Ku riƙe ƙanana! Yaron da bai kai shekara biyar ba, a saɓa shi ko a riƙe hannunsa. Kada ya zauna a ƙasa, kada ya yi rarrafe a wurin. Kada ya sumbaci dabba. Kada ya zura hannu cikin kejin biri. Mai juna biyu ta nisanci tunkiya ko akuyar da ke haihuwa da wadda ta yi ɓari. Tsofaffi da masu fama da jinya su yi kallo daga nesa.

Ku tuna da takalmi! Tafin takalmi yana kwaso kashi ya kawo har tsakar gida, inda jariri ke rarrafe. A cire a ƙofa, a wanke, a sake wanke hannu. Kayan Sallar da aka shiga kara da su, a jiƙa su a sabulu.

Ku sa ido bayan an dawo! Ciwon E. coli O157 yakan bayyana bayan kwana uku ko huɗu, wani lokaci har kwana goma. In yaro ya fara murɗar ciki da gudawa, musamman mai jini, a ba shi ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti. Kada a tsaya kemis sayen maganin tsayar da gudawa ko kafso, domin a irin wannan ciwo suna iya ƙara dagula lamarin. A gaya wa likita cewa yaron ya je wajen dabbobi. In fitsarinsa ya ragu, ya yi fari fat, jikinsa ya saki, ko da gudawar ta fara sauƙi, kada a kwana a gida. In dabba ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Ku masu kula da gidajen zu, da masu shirya baje kolin dabbobi, da sarakunan kara, amana ce a wuyanku. Ku sa wurin wanke hannu a daidai ƙofar fita, yadda ba mai wucewa bai gan shi ba. Ku yi shi ƙasa-ƙasa, yadda hannun yaro zai kai. Ko bokiti mai famfo ne, ya wadatar, muddin da ruwa da sabulu. Ku rubuta sanarwa da Hausa, da boko da ajami, ku haɗa da zane. Ku tsayar da ma'aikaci yana tunatarwa. Ku kwashe kashi a kai a kai. Ku matsar da masu sayar da abinci nesa da keji. Dabbar da ke gudawa ko rashin lafiya, a ware ta, a kira likitan dabbobi.

Malam, in za ka kai ɗalibai yawon buɗe ido, ka ƙirga sabulu kamar yadda kake ƙirga yara. Liman, ka faɗa a huɗuba, ai tsafta cikon addini ce. Mai gabatar da shiri a rediyo, ka maimaita kafin Sallah. Yaya, ki kula da ƙannenki. Baba, kafin ka biya kuɗin shiga, ka sayi sabulu. Kaka, ki tambayi jikoki a ƙofa: "Kun wanke hannu?"

Mu tashi, 'yan'uwa! Wannan aiki ba ya jiran kasafin kuɗi, ba ya jiran taro. Yau ki saka sabulu a jaka. Yau ka koya wa ɗanka cuɗa yatsu. Yau ku gaya wa maƙwabta. In kun je wuri babu abin wanke hannu, ku tambaya da ladabi, ku sake tambaya, har a kawo. A taɓa dabba, a wanke hannu. A fito kara, a wanke hannu. Kafin loma, a wanke hannu. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mana su daga cuta. Mu kuma mu yi namu, tun daga wannan Sallar!