Ɗanka Ya Dawo Lakwal Da Zancen Biri

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana damun iyaye a nan Goutte d'Or, kuma mun ji 'yan'uwanmu na Lyon ma ba su tsira ba. Yaro ya dawo daga lakwal, ya ce mushe ya koya musu cewa dabbobi sun yi ta sākewa sannu a hankali tun shekaru miliyoyi, har mutum da biri kakansu ɗaya. Uba ya fusata, ya ce kada ya ƙara jin wannan kafirci a gidansa. To, yaro ya yi shiru. Amma fa darasin bai fita daga kansa ba, kuma ran jarrabawa zai rubuta shi. Abin da uban ya samu kawai shi ne ɗansa ya daina tambayarsa.

Mu dai a ganinmu maganganu biyu ne a ke haɗawa a tukunya ɗaya. Ta fari ita ce ta ƙasusuwa da shekaru, watau abin da a ke tonowa a auna. Wannan ba tatsuniyar Turawa ba ce, don wani ma daga ƙasarmu ya fito. A Gadufawa, cikin hamada kusa da Agadas, aka tono ƙoƙon kan wani ƙaton kada, wani Bafaranshe mai suna Philippe Taquet ya yi nazarinsa, aka raɗa masa suna Sarcosuchus a 1966. Tsawonsa ya kai wajen mita 10, kuma ya rayu shekaru miliyan 110 da suka wuce, a inda yau ko ruwan alwala sai an nema. A Cadi kuwa, a 2001, aka samu ƙoƙon kan nan da a ke kira Tumai, mai kimanin shekaru miliyan 7. Wanda ya ce wa ɗansa duk ƙarya ne, ranar da yaron ya ga ƙashin da idonsa, wa zai ƙaryata?

Ta biyu ita ce a ce tun da abin ya bi hanya a hankali, to, babu Mahalicci. Wannan ba mu yarda ba, kuma ba ƙashin da ya taɓa nuna haka. Kowa ya san yadda gero ke tsira daga ƙwaya zuwa zangarniya, amma ba manomin da ya daina cewa Allah ne Ya ba shi damina. A Suratul Ankabut ma an umurce mu da tafiya cikin ƙasa don duba farkon halitta.

Ba mu ne muka fara wannan rarrabewa ba. Littafin Darwin ya fito a 1859, kuma a 1888 Shaihu Husaini al-Jisr na Tarabulus ta Sham ya rubuta Risalatul Hamidiyya. Shi kansa bai ga an kawo hujja yankakkiya ba a zamaninsa, amma ya nuna ko da ta tabbata, ba ta rushe imani da Mahalicci. Maganar Annabi Adamu, alaihissalam, ita ce mai wuya, kuma a nan mu ke tsayawa. Mun yi imani da abin da Alkur'ani ya faɗa a kansa. Yadda za a daidaita shi da Tumai kuwa aikin manyan malamai ne, ba na mai karatun allo da ke riƙe da rajistar masallaci ba.

Sai dai a yi hattara da littattafai masu ƙyalƙyali. A 2007 aka aika wa makarantun Faransa wani ƙaton littafi na Harun Yahya mai musun dukan wannan ilmi, ma'aikatar ilmi ta ce kada a ba yara. Mai littafin, Adnan Oktar, kotun Turkiyya ta ɗaure shi a 2021 kan wasu manyan laifuffuka. Wannan ba malamin da za mu ba 'ya'yanmu ba ne.

Shawararmu ga iyaye ita ce su je su gani. Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, titi ɗaya ne ya raba shi da Grande Galerie de l'Évolution, gidan nune-nunen halittu. A hau metro layi na 7 daga Gare de l'Est, a sauka a Place Monge. A shiga da yaro, a bar shi ya karanta wa uba rubutun Faransancin da ke jikin allunan, ya yi tambayoyinsa duka. Abin da uba ya kasa amsawa ya riƙe, ya kawo wa Liman bayan sallar Juma'a. Ran Talata ba sa buɗewa.