An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, tun daga ɗakunan kwananmu na makaranta har gidajen kallon ƙwallo na Isa da Sabon Birni da garinmu Tozai. Gardamar kuwa ita ce, wa ya kamata ya tsare wa Nijeriya gida? Duk sa'ad da aka ci ƙungiyarmu ta Super Eagles, kafin alƙalin wasa ya cire usur daga baki an riga an yanke hukunci, wai laifin gola ne, a cire shi a kawo wani. Ni dai a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki, kuma ga dalilina.

Mu koma watan Janairu na 2022, lokacin gasar cin kofin Afirka a ƙasar Kamaru. Nijeriya ta ci wasanninta uku na farko a garin Garwa, har da Masar, kowa yana cewa bana kofi namu ne. Ran 23 ga wata sai muka gamu da Tunisiya. Youssef Msakni ya ɗirko ƙwallo daga nesa, Maduka Okoye ya taɓa ta amma ta wuce cikin raga, aka tashi ɗaya da nema. Wannan yaro, wanda shekarunsa 22 kacal a lokacin, ya sha zagi da barazana a intanet kamar wanda ya yi kisan kai. Ba a cika jin mai tambayar yadda aka yi mutum goma da ke gabansa suka shafe minti 90 ba su jefa ko ɗaya ba.

Bayan wata biyu sai ga wasan neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya, mu da Gana. Wannan karon Francis Uzoho ne a gida. A Kumasi ba a ci shi ba, aka yi ta sa masa albarka. Bayan kwana huɗu, ran 29 ga Maris, a Abuja, Thomas Partey ya buga wata ƙwallo ta sulale ta ƙarƙashinsa. William Troost-Ekong ya rama da fanareti, aka tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce saboda ta ci a gidanmu. Nan take wanda aka yaba ran Juma'a ya zama abin tsinuwa ran Talata. Abin mamaki, wannan Uzoho ɗin ne a watan Oktoba na shekarar ya tsaya wa ƙungiyarsa Omonia a filin Old Trafford, ya kaɗe ƙwallo 12 daga 'yan Manchester United, ba su samu kansa ba sai a mintin ƙarshe. Waɗanda suka zage shi a Maris su ne suka kwana suna yi masa kirari a daren nan. Hannu dai bai sake ba, bakin 'yan kallo ne ya sake.

To, sai aka ce ai magani shi ne Stanley Nwabali, wanda ya taɓa tsare wa Katsina United gida kafin ya tafi Chippa United ta Afirka ta Kudu. Gaskiya ɗaya ce, kawo shi ya yi amfani, kuma ba ni musun cewa mai horarwa yana da ikon canza gola idan ya ga wanda ya fi. A gasar Afirka da aka yi a Kwaddibuwa farkon 2024, Nwabali ya kaɗe fanareti biyu na 'yan Afirka ta Kudu, ya kai mu wasan ƙarshe. Amma a dubi abin da ya faru a wasannin neman zuwa kofin duniya na 2026. A watan Nuwamba na 2023, da Uzoho a gida, mun yi ɗaya da ɗaya da Lesoto, mun yi ɗaya da ɗaya da Zimbabuwe. A watan Yuni na 2024, da Nwabali a gida, mun yi ɗaya da ɗaya da Afirka ta Kudu, sa'an nan Jamhuriyar Binin ta ci mu biyu da ɗaya. Wasa huɗu, maki 3 daga cikin 12, kuma a kowane wasa ƙwallo ɗaya tak muka jefa. An canza gola, sakamako bai canza ba, sai ma abin da ya yi gaba. Ko ɗan aji ɗaya ya san idan ka canza abu ɗaya a lissafi amsa ta ƙi motsi, to ba nan matsalar take ba.

Ina jakin yake ke nan? Victor Osimhen bai buga ko ɗaya daga wasannin nan huɗu ba saboda rauni, kuma sai ya zamana ba a tanadi hanyar cin ƙwallo in ba shi ba. Daga Disamba na 2021, da aka sallami Gernot Rohr, zuwa Janairu na 2025, mutum biyar suka riƙe ƙungiyar, watau Rohr da Eguavoen da Peseiro da Finidi George da Eric Chelle, kowa da irin tsarinsa. Rohr ɗin da muka kora kuwa shi ne ya jagoranci Binin ta doke mu. A watan Nuwamba na 2025, a birnin Rabat na Maroko, ana saura kwana biyu a kara da Gabon, 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda kuɗinsu da suke bin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Da aka zo wasan ƙarshe da Kwango aka kai ga bugun fanareti, 'yan Kwango sun zubar da biyu, namu suka zubar da uku, muka sake rasa kofin duniya karo na biyu a jere. Wanne daga cikin waɗannan ne aikin mai tsaron gida?

Dalilin da ya sa ake kama gola ba wuyar ganewa gare shi ba. Ɗan gaba zai ɓarar da ƙwallo biyar, in ya ci ta shida a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan tsakiya zai ba abokin gaba ƙwallo, kafin ta isa raga ta bi ta ƙafa uku, an manta da shi. Gola kuwa ba kowa bayansa sai raga, rigarsa ma daban take, kuma shi ake nunawa a talabijin yana tsugune yana ɗauko ƙwallo. Ido na ganin na ƙarshe, ya manta na farko.

Ba na zargin 'yan kallo don sun ji haushi. A wannan yanki namu na Gobir, inda zaman lafiya ya yi ƙaranci 'yan shekarun nan, mutum ya biya kuɗin gidan kallo ko ya sayi batirin rediyo don ya sami awa biyu na mantuwa, a mayar masa da baƙin ciki, dole ransa ya ɓaci. Amma fushin ma yana da tsada. Bayan wasan Gana 'yan kallo suka afka cikin filin Abuja suka yi ta farfashe kaya, hukumar FIFA ta ci tarar Nijeriya faran 150,000 na kuɗin Suwizalan, ta kuma ce a buga wasa ɗaya ba 'yan kallo. A shekarar nan ta 2022 magoya bayan Kano Pillars suka ta da hargitsi a wasansu da Katsina United, aka zabtare wa ƙungiyar maki, a ƙarshen kaka ta faɗa rukuni na biyu. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ke nan, masoyanta suka taimaka wajen tura ta rami.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗabi'a ta shigo mana makaranta. In za a yi gasar gidaje, kowa lamba tara yake so. Tsaron gida sai a dubi yaron da ya fi kowa shiru, ko ɗan ƙaramin aji wanda ba shi da bakin ƙi, a tura shi tsakanin sanduna, ba safar hannu, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake faɗuwa a kan tsandaurin nan namu ba tare da an kurje gwiwa ba. In aka ci gidansu, a bi shi da ihu har ɗakin cin abinci, a laƙa masa suna, wani "Rariya", wani "Kwando", kuma sunan ya bi shi har ya gama makaranta. Ina roƙon malamin wasanni ya ware wa masu tsaron gida ko da rabin awa ranar atisaye, su kaɗai, ya kuma sa shugabannin gidaje su hana wannan ihu. Iyayenmu kuma da ke sayo wa 'ya'yansu takalmin ƙwallo daga kasuwar Shinkafi, in akwai hali a haɗo da safar hannu ko guda biyu, domin gasar gidaje tana tafe, kuma har yau da nake wannan rubutu ba wanda ya ba da sunansa a gidanmu cewa zai tsaya a raga.