Komawa lakwal bayan korona: an tanadi sabulu, saura hankalin yara

A ranar 1 ga watan Yunin 2020 ƴan makaranta suka koma aji a duk faɗin Nijar, bayan sama da makonni goma suna zaune a gida. Tun ranar 20 ga watan Maris gwamnati ta rufe makarantu, kwana ɗaya bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Yamai. A lokacin an ba malamai makonni kaɗan su ƙarasa manhajar shekara, an ɗage jarrabawar BEPC da ta BAC, an kuma umurci a ajiye ruwa da sabulu a ƙofar aji. Duk wannan ya dace. Sai dai a cikin shirye-shiryen ba a cika jin maganar halin da yaran suka komo da shi ba.

Abin da yaro ya gani a waɗannan makonni ba ƙarami ba ne. Ya ga an rufe masallacin da mahaifinsa ke zuwa, abin da bai taɓa gani ba, sai a ranar 13 ga watan Mayu aka sake buɗewa. A Yamai ya kwana ƙarƙashin dokar hana fitar dare, a wasu unguwanni ya ji ƙarar barkonon tsohuwa a kwanakin shiga azumi. A Maraɗi da Damagaram da Ƙonni ya ga kasuwancin iyaka ya ƙara durƙushewa, tun da Najeriya ta rufe iyakarta a watan Agustan 2019, cefanen gida ya ragu. Ga manya suna gardama a gabansa, wasu na cewa cutar ƙarya ce, wasu na cewa za ta ƙare mutane, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Yaro ba ya cewa yana cikin damuwa, jikinsa da halinsa ne ke faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani ya riƙa firgita cikin barci, wani ya yi ta kukan ciwon ciki alhali a gidan likita ba a ga komai ba. Mai surutu ya yi shiru, mai sanyin hali ya fara neman faɗa. A aji kuwa abin kan fito a matsayin mantuwa da rashin natsuwa, wanda malamin da ke tseren ƙare manhaja zai iya ɗauka lalaci ne, ya kai hannu ga bulala. Nan hatsarin yake: tsoro yana hana ƙwaƙwalwa riƙe karatu, duka kuma tsoro yake ƙarawa. Yaron da ya dawo da ƙyar, in aka tarbe shi da bulala, damina ta riga ta ba shi hujjar tafiya gona.

Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba. A ƙasar da ƴan mata uku cikin huɗu ke yin aure kafin shekara 18, makonni goma sun isa a ɗaura wa ɗalibar CM2 ko ta kwaleji aure. Saliyo ta ga irin haka lokacin annobar Ebola, inda rufe makarantu na watanni ya sa ƴan mata da dama suka bar karatu. Ga kuma almajiran da jihohin arewacin Najeriya suka maido gida ta iyakokin Maraɗi da Damagaram. Yaron da aka ɗebo a mota, aka killace, sannan ƴan uwansa ke tsokanarsa da sunan mai korona, yana ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfin shekarunsa.

Ƙwararru kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara kaɗan ne a Nijar, kuma galibinsu suna manyan birane. Don haka aikin ya rataya a wuyan waɗanda ke tare da yaran kullum. A makaranta, minti goma na farkon darasi da mushe zai ba yara su faɗi yadda suka yi zaman gida, ko su zana shi a allo, zai sauƙaƙa sauran sa'o'in. Darakta kuma yana da rajista a hannunsa. In ya miƙa sunayen waɗanda ba a gani ba ga kwamitin COGES da ƙungiyar uwaye mata ta AME tun a makon farko, za a iya bin su gida gida kafin maganar aure ko tafiya cirani ta kankama.

A gida, abin da ya fi kwantar wa yaro hankali shi ne gaskiya daidai da shekarunsa: cutar akwai ta, yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa, wanke hannu yana kariya. Sai lokacin barci da na cin abinci da ba ya sauyawa, da tatsuniyar dare, da kawar da saƙonnin WhatsApp masu tayar da hankali daga kunnensa. Uban da kasuwa ta juya wa baya yana da dalilin ɓacin rai, amma in ya huce a kan yaro, yaron zai ɗauka shi ne ya yi laifi.

Gyaran da ake buƙata daga ma'aikatun ilimi bai kai kuɗin gina aji ɗaya ba: umurni ga sufetoci cewa in sun zo zagaye, su tambayi yara nawa suka dawo da halin da suke ciki, kafin su tambayi darasi nawa aka ƙare. Darasin da aka rasa ana iya maimaita shi a watan Oktoba. Ɗalibar da aka aurar a watan Yuni, da wuya a sake ganinta a aji.