Me Kuka Ɓatar a Cikin Duwatsu?

Wata Asabar a zangon karatun da ya wuce muna kwance a ɗaki, babu wuta, kowa yana dannar waya yana lissafin saura nawa caji ya ƙare, sai wani abokin karatunmu ɗan Jos ya ɗago kai ya ce, "Wai ku a garin nan ina kuke zuwa shan iska?" Muka ce wurin mai shayi. Ya ce ba wannan ba. Muka ce gidan kallon ƙwallo. Sai ya nuna duwatsun da ake hangowa ta taga ya ce, "Waɗancan fa, an hana hawa ne?" Ɗakin ya ɗauki dariya. Wani ya ce ai wannan sai mai neman aljanu. Ni ma da ni aka yi dariyar, amma daga baya maganar ta tsaya mini a rai. Ɗan Jigawa ne ni, shekarata biyu ina kallon duwatsun nan safe da yamma, ban taɓa taka ko gindin ɗaya ba.

Da mako ya zagayo muka fita mu huɗu bayan sallar asuba, kowa da gorar ruwansa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na sha wuya. Takalmin soso na sa, sau biyu santsi yana kwasa ta. Amma da muka kai sama rana tana fitowa, sai ga garin nan duka a shimfiɗe a ƙarƙashinmu: gonaki, bishiyoyin dabino, titi ya miƙe kamar zare, hayaƙin girkin safe yana tashi daga gidaje. Shiru kawai muka yi. A hanyar saukowa muka haɗu da wata tsohuwa ta ɗauko itace, ta tsaya ta ƙare mana kallo, ta ce, "'Ya'yan nan, me kuka ɓatar?" Muka ce ba komai, Iya, yawo muka zo. Ta girgiza kai ta ce Allah ya shirya.

Ban ga laifinta ba. A wurinmu ba a shiga daji sai da dalili: noma, kiwo, itace, farauta, ko neman sassaƙe. Wanda ya shiga babu ɗaya daga cikin waɗannan, ko dai ɗan shaye-shaye ne, ko ma'aikacin awon fili ne da ya zo raba mutane da gonakinsu. Wannan tunanin ne nake ganin ya kamata mu ɗalibai mu fara sauyawa, kuma ƙungiyarmu ce ya dace ta ja gaba. Hujjata ɗaya ce: dajin da mutanen kirki ba sa zuwa ba shi da mai tsaya masa. Ranar da aka zo sare shi babu mai ɗaga murya, domin babu wanda ya san abin da ke ciki balle ya ji zafin rashinsa.

Ku tuna sunan garin nan na asali, Dutse Gadawur. Labarin baka ya ce wani mafarauci ne, Duna Magu, ya tarar da wurin cike da gada, daga nan sunan ya samo tushe. Yau a ajinku wa ya taɓa ganin gada da idonsa? A fitar da muka yi, abin da muka fi gani shi ne kututture. Wani yaro makiyayi da bai wuce shekara goma sha biyu ba shi ya riƙa faɗa mana: wannan ƙirya ce aka sare, wancan marke ne. Da ganin ɓawo yake ganewa. Mu masu shirin karɓar difloma, bayan darbejiya da kuka da tsamiya, sai muka fara kame-kame. Shi ne ma ya tuna mana cewa gawo da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore shar, shi ya sa manomi ke barin sa a tsakiyar gona ba ya tare wa gero rana. Wallahi na ji kunya. Kuma ƙiryar nan da aka sare, ai mu ne muke sayen gawayinta a leda mu dafa taliya. Ban ce mai saran itace mugu ba ne, abinci yake nema, gas kuwa kowa ya san kuɗinsa. Abin da nake cewa shi ne ba mu taɓa haɗa ledar gawayin da kututturen ba, saboda ba mu taɓa zuwa mun gani ba.

Akwai misalin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. A cikin birnin Nairobi na ƙasar Kenya akwai wani daji mai suna Karura. A shekarun 1990 aka riƙa yanka shi ana raba wa masu hannu da shuni don su yi gine-gine. Wangari Maathai, wadda daga baya ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ta shiga da jama'arta za su dasa bishiyoyi, aka far musu, a Janairun 1999 har aka fasa mata kai. Ɗaliban Jami'ar Nairobi suka fito zanga-zanga, ƙarshe aka dakatar da ginin. Amma ga inda labarin ya fi burge ni. Ko bayan an ceci dajin, mutane tsoron shiga suke yi, don ya yi suna wajen ɓarayi. Sai daga 2009, da masu kishin wurin suka kafa ƙungiya, aka kewaye shi, aka gyara hanyoyin ƙafa, aka ɗauki mutanen unguwannin da ke kusa aikin gadi. Yanzu iyalai ne ke biyan kuɗin ƙofa su shiga da 'ya'yansu, masu gudu na gudu, masu keke na tuƙi. Yau wa zai iya yanka Karura a ɓoye? Idanu sun yi yawa.

Mu ba mu da daji mai duhu irin wannan, gaskiya ne. Amma ba a ce ba mu da komai ba. Daga nan zuwa Birnin Kudu bai kai awa guda a mota ba. A can akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka riga mu da daɗewa suka bar zanen shanu a jikin dutse, ga kuma duwatsun da in ka buga suke amo kamar ƙarfe. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi nazarinsu tun a shekarun 1950, kuma suna ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Masana na tasowa daga nesa su zo gani. Mu kuma muna wucewa ta garin a mota, iyakarmu mu leƙo ta taga mu sayi rake.

Sai Baturiya, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, gaba da Haɗejiya. Wannan kam tafiya ce ta yini guda. Dausayi ne mai goruba da tafkuna, kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Da sanyi, tsuntsaye ne ke tasowa tun daga Turai, su ƙetare hamadar Sahara, su sauka a nan, su cakuɗa da namu na gida irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe. Ka duba fa, tsuntsu ya san hanyar Baturiya daga Turai, ɗan Dutse bai sani ba. Wurin ma yana da nasa ciwon. Madatsun ruwan Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malalowa, ciyawar kacala ta toshe magudanai, itatuwa na raguwa. Mai karanta injiniyanci ko kimiyyar muhalli ko ƙididdiga, a nan zai ga abin da ake zana masa a allo.

To amma in aka ce ziyarar buɗe ido a makarantar nan, kowa Yankari yake kira. Ban raina Yankari ba, wa zai ƙi ganin giwa ya yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki? Sai dai na taɓa shiga irin wannan shirin a sashenmu. Aka yanka kuɗi, rabin aji suka ce ba su da shi, aka ɗage, aka sake ɗagewa, ƙarshe aka mayar wa kowa da abinsa, har da giɓi. Mun raina na kusa, mun kasa kaiwa na nesa, mun tashi a tutar babu.

Na san abin da za a ce, kuma babbar magana ita ce tsaro. Ba zan yi wasa da ita ba. Kowa ya san abin da wasu dazuzzukan Arewa suka zama, kuma ba ni da bakin da zan ce wa uwar wani ta saki ɗanta ya je ya kwana a inda ba a sani ba. Jigawa dai Allah ya rufa mana asiri idan aka kwatanta da wasu jihohin, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne. Shi ya sa nake cewa ƙungiya ta shirya, kada a bar wa ɗaiɗaikun mutane irinmu da muka fita da takalmin soso babu wanda ya san inda muke. A sanar da hukumar makaranta. A fara zuwa gaida mai unguwa ko dagacin wurin, a nemi ɗan jagora daga cikin mutanensa, a kuma biya shi, don su ma su ga amfanin zuwanmu. A fita da sassafe a dawo kafin azahar. Batun kwana a tanti kuwa, ni ina so, amma kada mu yi gaggawa. Sai a wurin da ke da ma'aikatan gandun daji, da izininsu, kuma da sanyi, lokacin da sauro da macizai suka lafa. Muna da 'yan agaji da tsofaffin 'yan sikawut a cikinmu da suka san kafa sansani da taimakon gaggawa, ba sai an ɗauko kowa daga waje ba.

Wata 'yar ajinmu da na yi wa wannan maganar ta ce, "Ku maza ke nan, mu wa zai bar mu?" Tana da gaskiya, kuma tambayarta ta fi tawa nauyi. Mu ko ba komai muna da majalisa da filin ƙwallo. Su daga aji sai ɗaki. Iyayenmu mata kuwa, in ba biki ko asibiti ko gaisuwar rasuwa ba, yaushe suke fita? Ran sallah yara su ci ado, a gama kallon hawa, shi ke nan, sai gararamba a bakin titi tsakanin babura. Babu abin da ya hana a ware ranar mata zalla tare da malamai mata. Babu abin da ya hana a yi ranar iyali sau ɗaya a shekara, ɗalibai masu aure su zo da 'ya'yansu, a shimfiɗa tabarmi a inuwa, a ci dambu, a yi salla a kan lokaci, a kwashe shara a dawo. Wannan na ƙarshen da gaske nake. In za mu je mu watsa ledar ruwa da robar lemo, mu rubuta sunayenmu da fenti a jikin dutse kamar yadda na ga wasu sun yi, gara mu yi zamanmu a ɗaki.

Saura kuɗi. Duk shekara muna biyan kuɗin ƙungiya, kuma duk shekara a makon ɗalibai ana hayar rumfuna da kujeru da mai kiɗa, a yi ta ihu har dare, washegari babu abin tunawa sai ƙura. Ban ce a soke ba, ni ma ina zuwa. Amma man bas guda zuwa Birnin Kudu da dawowa ai ba zai gagari asusun da ke iya wancan ba, hawa dutsen bayan gari kuwa ko sisi ba ya ci. Abin da nake roƙon daraktan walwala da 'yan majalisar ɗalibai shi ne su sa wannan a zamansu na gaba: tattaki sau ɗaya a wata a nan kusa, Birnin Kudu sau ɗaya a zango, Baturiya a watan Disamba ko Janairu lokacin da tsuntsayen suke nan. Kowace fita a samu mai rubuta sunayen bishiyoyin da aka gani da Hausa, da inda suke, a ajiye a ofishin ƙungiya, don waɗanda za su zo bayanmu su san abin da ya ragu da abin da ya tafi.

Kafin su zauna, mu dai mun ci gaba da fita. Yanzu mun kai mu tara, mun kuma je mun gaida mai unguwar wurin, ya haɗa mu da ƙanensa yana yi mana jagora. Asabar ta farkon kowane wata muna haɗuwa a bakin ƙofar makaranta bayan asuba. Mai zuwa ya taho da ruwa, da hula, da takalmi mai rufi.