Gargaɗi ga Ɗalibanmu da ke Ingila Bisa Kuɗin Haya da Bashin Banki

 

Ya ku 'yan'uwa masu karanta wannan takarda ta jam'iyyarmu, ku sani wani dattijo maƙwabcina ya zo zaurena bayan la'asar, ransa a ɓace. Ɗansa, wanda ya yi sauka a gabana, yana karatu a Ingila. Yaron ya aiko da labari, ya ce ya kwanta da fam 200 cikin ajiyarsa ta banki, ya wayi gari banki na binsa fam 300, alhali bai roƙi kowa rance ba. Dattijon ya ce, "Malam, wannan sata ce ko mene ne?" Na ce ya saurara mini tukuna. Na tambayi waɗanda suka zauna can har na fahimci al'amarin, sai na ga ba sata ba ce, ƙofar riba ce, kuma yaron da hannunsa ya zare mata sakata bai sani ba. Kadan na ce riba, ba ribar ciniki nake nufi ba wadda Allah Ya halatta, kuɗin ruwa nake nufi. Abu biyu ne suka haɗu a kansa, ga bayaninsu.

Na farko shi ne izinin cira, wanda Turawa ke ce wa dairek debit. Watau ɗalibi ya sa hannu a takarda, ya ba bankinsa izini cewa duk ranar da mai gida ko hukumar masaukin ɗalibai ta nemi kuɗin haya, a cira daga ajiyarsa a ba ta. Mai karɓa shi ke miƙo hannu, ba mai biya ba. Wannan aiki yana bi ta wata ma'aikata ta bankunan Ingila mai suna Bacs, wadda asalinta tun 1968. Akwai ƙa'ida mai kyau a ciki: in za a sāke yawan kuɗin ko ranar cira, tilas a sanar da kai tun gaba, galibi da kwana 10 na aiki, in aka cira bisa kuskure, bankinka ya mayar maka duka nan take, kuma kana da ikon soke izinin duk sa'ad da ka so. Amma fa soke izini ba ya sauke maka haya daga wuya. Akwai kuma ɗan'uwansa, tsayayyen umarni, wanda kai da kanka ke ce wa banki, ran kaza ga kowane wata a aika wa wane fam kaza, babu mai ƙarawa ko ragewa sai kai.

Hukuncin waɗannan biyu a wurina wakilci ne, ka wakilta wani ya biya hakkin da ke kanka, babu laifi a ciki. Sai dai wakilin nan na'ura ce. Mai gidan haya na garinmu, in wata ya mutu ba ka samu ba, kana iya zuwa ka gaishe shi, ka ce a yi maka haƙuri zuwa Jumma'a. Na'ura ba ta san gaisuwa ba, ba ta san kuɗin uba ya makara a hanya ba. Rana ta yi, ta cira.

Na biyu shi ne abin da suke kira obadaraf, watau banki ya bar ka ka ci fiye da abin da ka ajiye. Ko da wane suna aka kira shi, rance ne. Iri biyu ne: wanda kuka yi yarjejeniya da banki tun farko aka sa masa iyaka, da wanda ka faɗa ciki ba da yarjejeniya ba. Dā bankuna kan ɗora tara ta kullum a kan na biyun, har hukumar da ke lura da sha'anin kuɗi ta ƙasar ta hana daga watan Afrilu 1920 da ɗari, watau 2020, ta ce a bayyana ruwan bisa lissafin shekara, kada kuma ruwan na biyu ya fi na farko. Sai manyan bankuna da yawa suka tsai da ruwansu kusa da 40 cikin 100 a shekara. Bisa wannan lissafi, fam 300 na yaron nan yana haifar wajen fam 8 da rabi kowane wata.

To, ga yadda biyun ke haɗuwa. Haya fam 500 ce, ranar cira ta zo, fam 200 ke ajiya. Ko dai banki ya cika ragowar, ka zama mai bashi da ruwa, ko ya ƙi biya, ka zama wanda bai biya haya ba. Dokar haya ta Ingila ta 2019 kuwa ta yarje wa mai gida, in an rubuta cikin yarjejeniya, ya ɗora ruwa bisa hayar da ta makara kwana 14, har 3 cikin 100 a kan ma'aunin Babban Bankin Ingila. Gaba kura, baya sayaki.

Wani zai ce, ai bankuna suna ba ɗalibai wannan rance ba ruwa. Gaskiya ne, kuma rance marar ruwa ba haram ba ne. Amma a lura da abu uku. Da yawa daga bankunan suna sharaɗin mutum ya zauna ƙasar shekara uku, saboda haka galibin yaranmu baƙi ba su samunsa. Sa'an nan banki na da ikon neman kuɗinsa duk sa'ad da ya ga dama. Sa'an nan in an gama karatu, a kan riƙa rage iyakar marar ruwa, abin da ya saura ya fara haihuwa. Wanda aka rubuta shi cikin masu ƙin biya kuwa, tabon yana zama a kundin masu ba da bashi shekara 6. Don haka ni ban ce wa mai larura ya yi haram ba, amma na ce makiyayi mai hankali ba ya kiwo a bakin gonar mutane.

Ga shawarata. Ɗalibi ya karanta kowace takarda kafin ya sa hannu, in bai gane ba ya tambaya. Ya ce wa banki ba ya son rance bisa ajiyarsa. Ya nemi a sa ranar cira bayan ranar da kuɗinsa ke shigowa da 'yan kwanaki. Ya ware kuɗin haya gefe ɗaya ran da ya same shi, ya ɗauka ba nasa ba ne. In ya ga ba zai cika ba, ya je wurin mai gida tun rana ba ta zo ba, ya je kuma ofishin taimakon ɗalibai na makarantarsa, kada kunya ta hana shi. Aya mafi tsawo cikin Alkur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, bisa rubuta bashi da ajalinsa ta sauka. Abin kunya ne wanda ya haddace ta ya zama bai san ranar da hakki ke faɗowa kansa ba.

Amma ba yara kaɗai ke da laifi ba, mu ma iyaye muna da namu. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, abin da uba ya tanada na shekara ya koma bai kai rabi ba. Wanda ya tura ɗansa wata ƙasa, tilas ya san ranar hayarsa kamar yadda ya san ranar kasuwa, ya aika tun da sauran kwanaki, in kuwa ba shi da shi ya faɗa wa yaron gaskiya da wuri. Mu malamai kuma mun iya hawa mumbari mu ce riba haramun ce, amma wa ya tanadar wa yaron nan inda zai ranta ran da ya matsu? Ina kira ga attajiranmu da 'yan'uwanmu mazauna can su kafa asusun rance marar ruwa domin ɗalibai, a rubuta, a sa shaidu, a biya a kan ajali. Dattijon nan ya sayar da tumaki biyu da hatsi, 'yan'uwa suka cika, aka fid da ɗansa. Saura 'ya'yan da ba su da mai cika musu.

Allah Ya tsare mu daga cin riba da ciyar da ita, Ya ba yaranmu ilmi mai amfani, Ya komo da su gida lafiya. Amin. Wassalamu.