Maganin tsutsa wanda ba ya kisa nan take

Ƴan uwa masu noman rani, mun saba da maganin feshi mai ƙarfi: a fesa, ƙwaro ya faɗi nan take. Shi ya sa wasunmu suke raina maganin da ake kira Bt. Sun fesa da marece, da safe sun iske tsutsa tana nan bisa kabeji, sai su ce an cuce su. A ganinmu sun yi gaggawa.

Bt wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, cikin ƙasa take zaune. An gano ta a Japan a 1901, an fara sayar da maganinta a Faransa a 1938. Tana yin wani sinadari na furotin, ƙanana ƙwarai, masu siffar ƙwayar gishiri. In ya taɓa jikin tsutsa ba ya yi mata kome, sai ta ci shi tare da ganye. Ruwan cikin tsutsa irin na kanwa ne. Shi ke narkar da sinadarin, sai ya manne ga hanjinta, ya huda shi. Cikin ƴan awoyi ta bar cin ganye. Tana iya kwana 2 ko 3 kafin ta mutu, amma ɓarna ta riga ta tsaya. Don haka sabon ganye za mu duba, ko ana ci gaba da cinsa.

Cikin mutum kuwa tsami gare shi, kuma hanjinmu ba shi da wurin da sinadarin zai kama. Haka na akuya da kaza. Wanda aka yi don tsutsa ba ya kashe ƙudan zuma. Ga kabejin da za a kai kasuwa jibi, yara su ci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma yana da iyaka. Ba ya kashe fara, ba ya kashe darɓa. Hasken rana na lalata shi, saboda haka mu fesa bayan la'asar, har ƙarƙashin ganye, tun tsutsa tana ƙarama. Wadda ta shige cikin tumatir ta tsere masa.

Kada kuma mu dogara da shi kaɗai. A Hawai ta Amurka, inda aka yi ta fesa shi ba hutu, wajen 1990 tsutsar kabeji ta saba da shi. Mu riƙa canza shuka, mu haɗa da ruwan ƴaƴan dogon yaro. Wajen saye, mu nemi haruffan Bt a jikin takarda, mu tambayi malamin gona yawan da ake zubawa cikin ruwa.