Filin Mata: Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

 

Makon jiya na je biki Tarai, can ƙasar Kibiya, gidan ƙanena. An yi taro an watse lafiya, amarya ta tare. Amma ba labarin biki zan ba ku ba. Abin da na gani a ɗakin da aka sauke ni, shi ya hana ni barci.

Akwai 'yar ƙanen nan nawa, tana aji biyar na sakandare. Kwana uku ina lura da ita. Tana tankaɗe waya na kunne, tana wanke-wanke waya na kunne. Ran nan da dare na ce, "Ke, zo nan. Wa ke ba ki waƙoƙin nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, wani ne ke turo mini." Ashe wani saurayi ne da ke aiki a Kano. Kullum dare sai ya aiko mata waƙa guda, yau ta Hausa, gobe ta Turanci. Har ta fara cewa karatu ya ishe ta, gara a yi auren bana. Na ce, "To, shi me ya faɗa miki da bakinsa?" Ta yi shiru. Na ce, "Ya turo magabatansa?" Ta yi shiru. Shekara guda ta rage mata ta gama, ga ta za ta zubar saboda maganar da wani ya tsara, wani ya rera, na uku ya danna ya aiko.

Kada ku ce na zo zagin waƙa ne. Mu ma mun yi gaɗa a dandali da farin wata. Iyayenmu sun kife ƙwarya a ruwa sun yi amada, kuma har Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013 mata ba su gaji da ita ba. Marigayi Ɗanmaraya Jos, da ɗan kuntiginsa, ya yi "Jawabin Aure" da "Auren Dole", kowa ya ji ya san da wa ake. Waɗannan duka a fili ake yinsu, uwa na ji, 'ya na ji, in an yi ɓarin baki a tsawata. Ta yanzu kuwa daga waya sai kunnen yarinya ita kaɗai, wata ma da harshen da ba ta gama ji ba.

Sai na sa ta kunna mini na Turancin. Yawancinsu irin kiɗan nan ne na baƙaƙen fatar Amurka, wanda ake kira sol, da ɗan'uwansa Ar-an-Bi. Asalinsa daga waƙoƙin cocinsu ne da waƙoƙin kukan wahala da suka gada tun zamanin bauta. Don haka muryar takan zo da taushi da marairaita, ko ba ki jin Turanci sai jikinki ya mutu. A nan haɗarin yake, gama zuma ma da zaƙi da harbi.

Ga misali. Cikin wayar akwai wata waƙa mai suna "Kill Bill", ta wata mawaƙiya da ake kira SZA. Ta fito a 2022, a 2023 kuwa ta hau kan dukan waƙoƙin Amurka. Muryar kamar ana lallashin jariri. Amma abin da ke ciki, mace ce kishi ya ci ta, tana saƙa yadda za ta kashe saurayin da suka rabu, har da sabuwar budurwarsa. Da na fassara wa yarinya sai ta dafe ƙirji ta ce, "Gwaggo, ni fa na zaci yabona ake yi!"

Akwai kuma tsohuwar nan da Whitney Houston ta rera a 1992, "I Will Always Love You". Ana sa ta a bukukuwan aure ko'ina cikin duniya. Alhali kuwa waƙar ban kwana ce. Dolly Parton ta tsara ta a 1973, sa'ad da za ta rabu da Porter Wagoner, mutumin da suka daɗe suna aikin waƙa tare. Saurayin da ya aiko miki ita, sallama ya yi miki bai sani ba. Kun ga ke nan shi ma bai saurari abin da ya aika ba.

Amma fa a cikin kiɗan nan akwai masu nauyi, kada mu yi musu kuɗin goro. Otis Redding ya yi wata waƙa a 1965 mai suna "Respect", watau girmamawa. A bakinsa, miji ne ke cewa tun da shi ke kawo kuɗi gida, a girmama shi in ya dawo. Sai Aretha Franklin, 'yar wani limamin coci a birnin Detroit, ta ɗauke ta a 1967 ta juya ta. A bakinta mace ce ke cewa ita ma tana ba da nata, saboda haka a ba ta nata girman. Ta rasu a 2018, amma waƙar na nan, domin ta taɓo abin da ke cikin kowane ɗakin aure, daga Amurka har Rano. Alicia Keys kuma a 2003 ta yi wadda ke nuna dukiya da suna ba su da amfani in babu wanda ake ƙauna. John Legend ya yi "All of Me" a 2013 saboda matar da ya aura a wannan shekara, yana nuna ya karɓe ta da kyanta da aibinta. Wannan shi ya tsara, shi ya rera, kuma ya cika da ɗaurin aure.

Namu na gida ma haka suke, akwai tsaba akwai dusa. Muna da masu murya irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita. Kun tuna 2020, lokacin kullen korona, da "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta cika gari, har matan aure suna taka rawarta gaban mazajensu ana ɗauka a waya, aka yi ta muhawara a kai. Wannan ya isa ya nuna muku ƙarfin waƙa. Amma a cikin tulin da ake tura wa 'yan mata a shagon cajin waya, sau da yawa maganar ɗaya ce: kin yi kyau, ba na barci, zan mutu. A cire sunan wannan a sa na waccan, waƙa ba ta canza ba.

To, ke ɗiyata 'yar makaranta, ga abin da za ki yi. In an aiko miki waƙa, ki ɗauki biro da takarda ki rubuta kalmominta tsaf. In ta Turanci ce, ga amfanin karatunki ya zo, ki buɗe ƙamus, abin da ya gagare ki ki tambayi malamarku. Sa'an nan ki karanta ba kiɗa, kamar wasiƙa. Ki duba abu uku. Na farko, ban da fuska da tafiya, an ambaci halinki? Na biyu, mai maganar ya faɗi abin da zai yi, ko kuwa abin da yake so ki yi masa kaɗai? Na uku, za ki iya karanta ta gaban mahaifiyarki ba ki ji kunya ba? Wadda ta tsallake ukun nan, ki ji daɗinta. Amma ko ita ɗin, ki tuna ta mawaƙi ce, sana'arsa ke nan, da ita yake ci. Kayan aro ba ya rufe katara. Mai sonki da gaske zai faɗa da bakinsa ko da in'ina yake, zai bi ta ƙofar gida iyaye su san shi, kuma ba zai ƙi jiran shekara guda ki karɓi takardarki ba.

Ku kuma iyaye mata, ƙwace waya da duka ba ya magani, sai dai ta koma ji a gidan ƙawa. Ki zaunar da ita, ki ce ta kunna ku ji tare, ki tambaye ta me aka ce. Ke ma ki rera mata ta zamaninki, ku yi dariya. A nan za ta gaya miki abin da ba za ta faɗa ba in kin ɗaga murya. Ke amarya kuma, kada ki auna maigidanki da ma'aunin mawaƙi. Wanda ya wuni a gona ya dawo da cefane, ya tambayi lafiyarki, ya riƙe miki yaro kina girki, ya yi tasa waƙar, ko da bai iya jera kalmomi ba.

Kafin in baro Tarai, 'yar tawa ta aika wa saurayin cewa ta gode da waƙoƙi, amma tana so ta ji tasa maganar, kuma sai ta gama makaranta. Ran da na hau mota ba amsa tukuna. Na ce mata kada ta damu, ko ya amsa ko ya yi shiru, duka biyu amsa ce. Ran Litinin dai ta ɗauki jakarta ta tafi aji.

Wadda ke da abin cewa a kan wannan, ta rubuto mana, filin naku ne. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.